Yadda Ake Sare Hancin Ƙaramin Kan Jirgin GP9 a Yi Masa Sabon Fenti

Kan jirgin da ake sayarwa a kwali, komai kyansa, dubbai ne irinsa a hannun mutane. Abin da ke jan masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo zuwa ga zarto da magagari shi ne son mallakar kan jirgi guda ɗaya tak, mai lambarsa da tabonsa, kamar yadda yake a wata shekara takamaimiya. Ka ɗauki bodin wannan, ka haɗa da kayan wancan, ka yanka, ka liƙe, ka cike, ka fesa fenti. Zan bi da kai aikin da na fi ƙauna a wannan fanni, wato mayar da GP9 mai dogon hanci ya koma irin wanda aka sake ƙerawa a Paducah, a ma'aunin HO, wato ƙaramin jirgin da ya fi na gaske ƙanƙanta sau 87.

Kamfanin EMD na Amurka ya fara ƙera GP9 a 1954, da injin dizal mai silinda 16 da ƙarfin doki 1,750. Hancinsa, wato guntun ɓangaren da ke gaban ɗakin direba, tsawonsa ɗaya da rufin ɗakin, don haka direba ba ya ganin gaba sai ta 'yar taga a gefe. Da kawunan suka tsufa, kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central ya riƙa shigar da su babban garejinsa na Paducah a jihar Kentucky, tun daga ƙarshen shekarun 1960, yana sabunta injin, yana sare hancin, yana buɗe gilashi a gaba. Yawancin waɗanda aka sabunta daga GP9 an kira su GP10, yawancin na GP7 kuma GP8. Ana gane su da gajeren hanci, da bakin salansa huɗu maimakon biyu, da kuma wani akwatin tace iska da ke kwance a kan rufi bayan ɗakin direba a yawancinsu. Ka ga kenan su ma manyan, da yanka da walda aka yi su. Abin da za ka yi a kan teburinka shi ne abin da maƙeran Paducah suka yi, sai dai naka ya fi ƙanƙanta sau 87.

Hoto kafin wuƙa

Kada ka taɓa zarto sai ka zaɓi kan jirgi ɗaya mai lamba ɗaya, ka samo hotunansa: gefen dama, gefen hagu, gaba, da na sama in an dace. Dalili kuwa shi ne kawunan Paducah ba su zama iri ɗaya ba. An ɗebo su daga zubi daban-daban, wasu ma an sayo su ne daga wasu kamfanoni. Wani yana da ƙananan fankoki huɗu masu faɗin inci 36 a rufi, wani manya biyu masu inci 48. Wurin fitila da ham da ƙararrawa ya bambanta. In ka ce za ka yi "GP10 kawai", za ka fito da abin da bai taɓa taka dogo ba. Buga hotunan a takarda ka manna su a bango inda idonka zai riƙa faɗawa kansu.

Daga hoton ne za ka fitar da awo. A ma'aunin HO ƙafa ɗaya ta gaske daidai take da milimita 3.5. Tsawon GP9 ƙafa 56 ne da inci 2, wanda ya kama kusan santimita 19 da rabi da ɗoriya a ƙaramin. Tayarsa inci 40 ce. To, in ka sami hoton gefe da aka ɗauka a miƙe, auna tayar da rula a jikin hoton, ka san milimita nawa ne ke wakiltar inci 40, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin rufin ɗakin direba da saman sabon hancin. In lissafi ya ba ka ƙafa biyu, milimita 7 za ka cire kenan. Rubuta adadin a jikin hoton da biro.

Abin da za ka tanada

Tushen aikin shi ne GP9 ko GP7 na HO mai tafiya lafiya. Na hannu ya wadatar, tunda fentinsa zai tafi. Tsofaffin samfuran kamfanin Athearn na shuɗin kwali suna da arha da juriya, amma gangar jikinsu ta fi ta gaske faɗi saboda motar lantarkin da ke ciki, don haka kayan ƙari da aka yi a kan ainihin ma'auni ba sa zama daram a kansu. Na Proto 2000 da na Atlas faɗinsu daidai ne, aikin ya fi sauƙi. Ɗora shi a kan dogo ka saurara kafin komai. In kana jin ƙas-ƙas a kowane juyin taya, giyar da ke tsakiyar akasil ce ta tsage, sai ka canja ta yanzu, tun fenti bai hau ba.

Sai zarto mai ƙananan haƙora irin na masu wannan sana'a, wuƙar fiɗa mai sabon baki, ƙananan magagari, samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, rular ƙarfe, ƙaramin sukwaya, hantsaki, da 'yar na'urar huda ta hannu mai bakin lamba 79 ko 80, wanda kaurinsa bai wuce sulusin milimita ba da yawa. Sayi bakin da yawa, domin karyewa suke kamar tsinke. Kana buƙatar fallen farar roba ta Evergreen mai kaurin rabin milimita da mai milimita ɗaya, gam mai narkar da roba irin Tamiya Extra Thin, sufa gulu don haɗa ƙarfe da roba, da fotin cike rami. Ƙananan kaya irin su fitila, ham, bakin salansa da akwatin tace iska, Details West da Detail Associates sun yi suna wajen yin su, lambobi da rubutun mannawa kuma Microscale.

Tuɓe shi, a wanke tsohon fenti

Raba bodi da firam. Cire gilasai, fitilu, makaran gefe da duk abin da ke ciruwa, ka zuba su a kwalba mai murfi. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, don ranar mayarwa za ka gode wa kanka. Jiƙa bodin a barasar goge rauni mai ƙarfin kashi 91, cikin roba mai murfi, ka riƙa dubawa duk bayan rabin awa kana gogawa da tsohon buroshin haƙori. Wani fenti yana saki cikin awa ɗaya, wani sai ya kwana. Gwada a cikin bodin tukuna inda ba a gani. Tinar masu fentin mota kada ta kusanci wannan roba, narkar da ita za ta yi nan take. Man birki ma, ko da yake wasu na amfani da shi, yana busar da wasu robobin har su riƙa tsagewa daga baya.

Yankan hanci

A nan aikin yake, kuma a nan ake ɓata shi. A yawancin samfura ɗakin direba daban yake, yana zarewa sama. Zare shi. Sannan raba hancin da dandamalin da yake zaune a kai: bi gindinsa da bayan bakin wuƙa, kana ja a hankali sau da yawa, har ya rabu. Kada ka danna. Ja ashirin marasa nauyi sun fi ja uku masu ƙarfi, domin ja mai ƙarfi shi ke zamewa ya tsaga maka dandamali ko yatsa.

Da hancin ya zo hannunka, kana da zaɓi biyu. Ko ka yanke daga gindi ka sauke shi gaba ɗaya, ko ka cire yanki daga tsakiya ka haɗa sama da ƙasa. Yanka daga gindi ya fi sauƙi, kuma ba ya barin tabon haɗi a tsakiyar jiki, amma ƙofofi da marikansu za su sauko su zauna inda ba nan suke a hoto ba. Cire yanki daga sama-sama, dab da inda rufin ya fara lanƙwasa, ya fi kama da abin da aka yi wa na gaske, kuma shi na fi so duk da wahalarsa. Naɗa salatif ɗin fenti a kewayen hancin ya zama maka layi, ka tabbatar da sukwaya cewa bai karkace ba. Yanka a cikin ɓangaren da za ka zubar, ka bar kamar rabin milimita na rara a kowane gefe. Bakin zarto kansa yana cin roba, mutane da yawa suna mance wannan sai hancin ya fito gajere fiye da kima.

Rarar nan da samfefa za ka cinye ta. Manna samfefa 400 a kan gilashi ko tayil mai santsi, ka kifa yankakken bakin a kai, ka riƙa zagayawa da shi kamar kana rubuta lamba 8, kana juya shi a hannunka lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya fi ci. Bayan kowane zagaye goma, haɗa ɓangarorin biyu ka ɗaga su saitin fitila. In haske na ratsowa, da saura. Sa'ad da suka haɗu ba ko siririn haske, auna tsawon ka gwada da adadin da ka rubuta.

Kafin gam, ɗora hancin da ɗakin direba a kan firam haka nan, ka rufe bodin. Na taɓa tsallake wannan mataki. Na liƙe hanci, na cike, na goge har ya yi sumul, sai da na zo rufewa na tarar dunƙulen ƙarfen da ke ƙara wa jirgi nauyi ya tokare sabon rufin, bodin ya tsaya da rata kamar kaurin ashana a gaba. Da na danna, haɗin da na kwana biyu ina gyarawa ya buɗe. Maganin shi ne a kwance ƙarfen a rage shi da magagari, kuma a yi hakan nesa da motar da giyoyinta, a wanke shi tas kafin a mayar, saboda garin ƙarfe in ya shiga giya ba ya fita da daɗi.

In komai ya zauna, liƙa siraran fallen roba ta ciki su riƙe haɗin, sannan ka taɓa gam mai ruwa a bakin layin, zai bi tsagin da kansa. Matse kaɗan har narkakkiyar roba ta ɗan tsattsafo. Bar ta ta kwana. Wannan 'yar robar da ta tsattsafo ita ce fotin da ya fi kowanne, washegari ka kankare ta ka goge.

Ramukan tsohuwar fitila da allunan lamba da suka rage a hanci, toshe su da guntun roba maimakon foti zalla, domin foti mai kauri yana shanyewa ya lotsa bayan makonni, a ƙarƙashin fentinka.

Sabuwar fuskar ɗakin direba

Sare hanci ya bar rami a gaban ɗakin. Yanka fallen roba mai rabin milimita ya toshe shi, amma ka buɗe tagogin tun yana shimfiɗe a tebur. Zana su da fensir kamar yadda suke a hotonka, huda rami a kowace kusurwa, ka haɗa ramukan da wuƙa, ka gyara da magagari. Akwatin allunan lamba da ke saman gilashin, ko ka saya ko ka haɗa shi da fallaye uku na roba. Duba tagogin ta gaba da ido ɗaya a rufe. Fuskar kan jirgi kamar ta mutum ce, karkatar da ba ta kai kaurin gashi ba ido na kamawa.

Rufin dogon ɓangaren ba shi da wuya sosai. In samfurinka yana da kumburin birkin lantarki a tsakiya kuma hotonka ba shi da shi, kamar yadda yake a yawancin na Paducah, yanke shi ka maye gurbin da roba. Kankare tsofaffin bakin salansa biyu, ja layi a tsakiyar rufin, ka dasa huɗu a jere. Ɗora akwatin tace iska. Marikan hawa da aka zuba a jikin roba, fere su da bakin wuƙa mai faɗi, ka bar ɗigon kusoshinsu su nuna maka inda za ka huda, ka sa na waya mai kaurin milimita 0.3. Saka guntun kati a ƙarƙashin kowanne yayin liƙewa don tazararsu da jiki ta zama ɗaya.

Fenti

Wanke bodin da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka bar shi ya bushe da kansa, daga nan kada ka ƙara taɓa shi da hannu tsirara. Maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Cusa kwalin takardar bayan gida ko guntun katako a cikinsa ya zama mariƙi.

Fara da fentin shimfiɗa mai launin toka mai haske, shafi ɗaya siriri. Wannan shafi shi ne mai tona asiri: duk wani tabon haɗi da ka ɗauka ya ɓace zai bayyana. Kada ranka ya ɓaci, haka yake ga kowa. Cike, goge da 600 sannan 1000, sake fesawa. Sau biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

Illinois Central ta yi wa waɗannan kawuna ado da ruwan lemo da fari, kuma wannan ado ya ci gaba bayan haɗewarta da Gulf, Mobile and Ohio a 1972, lokacin da sunan ya koma Illinois Central Gulf. Ƙa'ida ita ce launi mai haske ya riga mai duhu, don haka fari ne farko, a kan dukan bodin, domin ruwan lemo ya fi fitowa a kan fari. Sirka fentin da tinarsa ta ainihi har ya yi ruwa kamar madara. Saita kwamfuresa tsakanin 15 da 20 a ma'aunin psi, riƙe ƙaramar bindigar feshin kamar faɗin tafin hannu daga jiki, ka fara feshi kafin ka iso bodin, ka saki bayan ka wuce shi. Shafi uku sirara, da hutun mintuna a tsakani. Shafi ɗaya mai kauri yana binne kusoshi da ƙofofin da ka sha wahalar kiyayewa. Sa takunkumin da ke tare tururin fenti, kuma ka yi aikin inda iska ke fita.

Yanayinmu yana da nasa hukunci a nan. Da zafin bazara, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin ya yi kaushi kamar yashi. Yi feshi da sassafe, ƙara tina kaɗan, matso kusa. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kuma da ka gama ka kifa roba mai tsabta a kan bodin. Da damina, laima na taruwa a bututun kwamfuresa ta tofo ɗigon ruwa a tsakiyar aiki, sai ka riƙa zubar da matarin ruwan kafin ka fara.

Bar farin ya yi kwana biyu, ko har sai ka shinshina ba ka ji warin fenti ba. Sannan rufe inda zai zauna fari. Kada ka yarda da bakin salatif na asali. Manna shi a gilashi, yanka sabon baki da rula da sabuwar wuƙa, ka yi siraran zirin da za su iya bin kwana. Danna shi cikin kowane tsagin ƙofa da tsinken sakace. Ga dabarar da ta fi kowace amfani a wurina: kafin ruwan lemo, fesa farin nan dai siriri a bakin salatif. Duk inda fenti zai kutsa, farin ne zai kutsa ya toshe, kuma fari a kan fari ba ya nunawa. Bayan ruwan lemon ya ɗan tsane, kamar rabin awa, ɓare salatif a hankali kana ninke shi baya a kan kansa. Layin da zai fito a ƙarƙashinsa, mai kaifi kamar an ja da reza, shi ne ladan dukan haƙurin.

Firam, tankin mai da gefen tayoyi baƙi ne, amma baƙi wuluk yana haɗiye komai a ƙaramin abu, don haka ɗiga masa toka kaɗan. Rufe inda taya ke taɓa dogo da inda wuta ke bi. Makaran gefe sau da yawa da wata roba mai santsi ake yin su wadda fenti ba ya kama ta, sai an fara fesa musu abin ƙara kamun fenti irin na bambar mota.

Lamba da rubutu

Takardun rubutun nan da ake jiƙawa a ruwa ba sa zama lafiya sai a kan jiki mai sheƙi. A kan fenti marar sheƙi, iska na maƙalewa a ƙarƙashi sai gefen ya yi fari-fari kamar azurfa. Fesa shafin sheƙi marar launi tukuna. Yanka kowane rubutu dab da harafi, tsoma a ruwan ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ajiye a kan tishu har ya fara zamewa. Shafa Micro Set, ruwan da ke taimaka wa rubutu ya kama jiki, a wurin, zame rubutun da jiƙaƙƙen buroshi, daidaita shi da layin ƙofofi. In ya zauna, taɓa masa Micro Sol, ruwan da ke tausasa shi, ka janye hannunka. Zai yamutse kamar ya lalace. Kada ka taɓa shi, da ya bushe zai miƙe ya kwanta cikin kowane tsagi kamar fenti. In kumfa ta rage, huda ta da allura ka ƙara ɗigo. Lambobi ɗaya bayan ɗaya ake jera su, fara da na tsakiya. Washegari goge tabon ruwa da danshin auduga, ka rufe duka da shafi marar sheƙi irin Dullcote.

Tsufar da shi

Koma ga hotonka. Kan jirgin da ya yi shekaru yana jan hatsi da kwal a tsakiyar Amurka ba ya datti ko'ina daidai. Kunkunniya tana taruwa a rufi kewaye da bakin salansa. Ƙurar dogo tana hawa daga ƙasa, ta kama gefen tayoyi da tanki. Mai yana zubowa daga bakin tanki a siririn layi mai ɗan sheƙi. Sirka baƙi-baƙin ruwan ƙasa ya yi tsararo sosai, ka sa shi a ragar iska da tsagin ƙofofi da ƙaramin buroshi don su yi zurfi. Kankare allin zane mai launin ƙasa da na tsatsa ya zama gari, ka shafa da busasshen buroshi kana ja daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke bi. Fari yana nuna datti da wuri, saboda haka yi kaɗan, ka ajiye shi, ka dubo da safe a hasken rana.

Gilasai su ne na ƙarshe, bayan duk wani feshi, kuma da farin gam na katako ake sa su, domin tururin sufa gulu yana dusashe su. In ka sa fitilar LED, haɗa ta da resisto mai om 1,000 don kada ta ƙone. Mayar da bodi, goge tayoyi da auduga mai barasa, ka duba maƙalar taragai: a HO tsakiyarta ya kamata ta tsaya milimita 9.9 daga saman dogo, kuma kamfanin Kadee na sayar da ma'aunin gwada hakan. In ta yi ƙasa, ka canja zuwa mai wuyan da ya dace. Sannan ɗora shi a dogo, ka ba shi wuta kaɗan-kaɗan, ka bi da shi ta kwana mafi tsanani da kake da ita, gaba da baya, kana kallon ko wani sabon mariƙi ko bututu yana gogar taya.